Shagon kayan ginin da ya ba ni bashi na gyara gidan hayata a Garwa

Ni malamar firamare ce a Garwa, a arewacin Kamaru, kuma bara na sayi gidan haya na farko a rayuwata. Ɗakuna huɗu ne a jere, irin waɗanda muke ce wa antire-kushe, da banɗaki ɗaya da ɗan tsakar gida, can wajen Jambutu. Shanun gadona ne yayana ya kai kasuwar Adumri ya sayar, na haɗa da ɗan zinaren da na daɗe ina ajiya da kwasar adashinmu na malamai. Sefa miliyan 6 da rabi gidan ya tashi, ban da la'adar dillali da kuɗin notar, wato jami'in da ke rubuta ciniki ya tabbatar da shi a hukumance. Ranar da aka miƙa mini makulli, abin da ya rage a hannuna bai kai 300,000 ba, gidan kuma ba mai iya kwana cikinsa a yadda yake.

Tun da na ambaci notar, bari in tsaya kaɗan. Dillalin ya fara nuna mini gidaje biyu da suka fi wannan araha nesa ba kusa ba, amma takardar jauro, wato mai unguwa, kaɗai gare su. Dokar filaye ta 1974 a Kamaru ta ce cinikin fili mai titir fonsiye, wato takardar mallaka ta gwamnati, a gaban notar ake yin sa, wanda ba shi da titir kuwa doka ba ta san cinikinsa ba. Na zaɓi in biya da tsada in yi barci. Abin da ya cinye kuɗin gyaran ke nan, shi ne kuma ya kai ni shagon da nake son ba ku labari.

Shagon yana cikin layin masu kayan gini, na wani dattijo ne da kowa ke kira Alhaji. Ya roƙe ni kada in sa sunansa, na kuwa yi masa alkawari. Mijin ƙawata ne ya kai ni, shi ya tsaya mini. Na je da takarda na rubuta abin da nake so: fenti, tayil, ƙofofin ƙarfe, silin. Alhaji ya sa tabarau ya karanta har ƙasa, sannan ya ɗago.

"Malama, wa ya hau rufin ya duba?"

Na ce babu, Baba Alhaji, amma daga ƙasa lafiya yake.

Bai sayar mini da ko ƙusa ɗaya ba ran nan. Washegari da sassafe ya turo yaronsa tare da wani magini. Maginin ya hau tsani, ya danna katakon rufin da babban yatsansa, sai yatsan ya nutse, gari ya zubo mini a mayafi. Gara ta cinye cikin, ɓawon kawai ya rage. Muka shiga ɗaki na uku muka rufe ƙofa, ga hasken rana nan ɗigo-ɗigo ta cikin kwanon, na ƙirga har goma sha ɗaya na daina. Salgar ma saura ƙiris ta cika, gindin katangar baya kuma damshi ya ci shi har bulon yana marmashewa.

Da na koma, Alhaji ya ɗauki biro ya soke tayil da silin, ya mayar da fenti ƙarshen takarda. Ya ce, "'Yata, ɗan haya yana haƙuri da bango mara fenti. Ran da ruwan Agusta ya jiƙa masa katifa, ranar zai fara neman wani ɗaki." Tayil ɗin da ya soke ya fi katakon riba a wurinsa, na sani, don na ga farashin. Wannan abin da ya yi shi ya sa nake rubutun nan.

Sai maganar kuɗi. Kafin in zo wurinsa na leƙa wani ƙaramin bankin bashi, suka ce za su ba ni, amma da ruwa duk wata, kuma in ajiye musu titir ɗin gidan. Zuciyata ba ta kwanta ba, ga riba, ga takardar da na sayar da shanun mahaifina don in samu. Tsarin Alhaji daban ne. Kowane kaya yana da farashi biyu, na kuɗi hannu da na bashi, kuma tun ranar ɗauka ake rubuta na bashin, ba ya ƙara ko dala ko da an makara. A buhun siminti, 200 ya ɗora. Na tambayi malaminmu na Islamiyya, ya ce in dai an yanke farashi ɗaya tun wurin ciniki, babu laifi. Kayan 620,000 na ɗauka, muka yi zan riƙa kawo 80,000 duk ƙarshen wata. Wata ɗaya albashi ya makara, na kira shi ina ta kame-kame, ya ce in kawo in ya fito, ya tambayi lafiyar yara.

Kayan kansu, manyan ba ni da abin cewa. Simintin na Figil ne, buhu mai kilo 50, kuma sabo, don a kan katako yake jera shi ba a ƙasa ba, ban samu ko buhu ɗaya da ya dunƙule ba. Kwanon alminiyom ne irin na Edeya. Ya ajiye mini mai kaurin 3/10 da mai 5/10 na milimita a gabana ya ce in lanƙwasa gefen kowanne da hannuna, na ji bambancin. Mai kaurin na ɗauka duk da tsadarsa, saboda iskar farkon damina a Garwa ba ta wasa da rufi. Katakon ma sai da aka shafe shi da maganin gara kafin a ɗora.

Amma akwai inda shagon ya ɓata mini rai, kuma zan faɗa. Kai kaya matsala ce babba. Keke mai ƙafa uku ɗaya gare su, duk garin shi yake zagayawa. An ce kwano zai iso ranar Litinin, bai zo ba sai Alhamis, ni kuwa kafinta da yaransa biyu suna zaune ƙarƙashin dalbejiya, kullum sai na ba su kuɗin abinci. Kwana uku ɗakuna a buɗe, hadari yana haɗuwa ta gabas, ni ina aji ina leƙen sama ta taga. Wanda zai yi hulɗa da su, ya nemi nasa mai keken tun wuri, ya fi masa sauƙi.

Kayan famfonsu kuma ba su da kyau. Kan famfon da na saya wata biyu ya yi ya fara ɗiga, aka canza, na biyun ma haka. Sai da na je wani shago na sayo. Sannan littafin bashin a wurinsu kaɗai yake. Ba na zargin Alhaji ko kaɗan, amma rai na Allah ne, in yau ba ya nan, da me zan nuna abin da na biya? Sai da na sayi ƙaramin littafi na kaina, duk biya yaronsa ya rubuta ya sa hannu. Da farko yaron ya ɓata fuska, Alhaji ya ce masa Malama ta yi daidai.

Shawararsa ta ƙarshe ita ce ta wuta. Ya ce kada in bar ɗakuna huɗu a kan lissafi ɗaya, domin a zafin Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40, kowa fanka yake kunnawa dare da rana, rigima kuma a kaina za ta ƙare. Na sa wa kowane ɗaki ƙaramar mitarsa. Har yau ba wanda ya kawo mini ƙarar kuɗin wuta.

Yanzu ɗakunan duk da mutane. Biyu ɗaliban Jami'ar Garwa ne, wadda aka kafa a 2022, ɗaya tela, ɗaya kuma ma'aikacin kamfanin auduga. Kowane ɗaki 15,000, wato 60,000 a wata in kowa ya biya, kuma ba kullum kowa ke biya a kan lokaci ba. Da na haɗa kuɗin saye da na notar da na gyara, sai na ga za a haura shekara goma kafin gidan ya mayar da abin da ya ci. Na san haka yanzu, ban san shi ba ranar da dillali yake mini lissafi a baki.

A wata na takwas na kai ragowar bashin. Alhaji ya ja layi biyu a shafina, ya sa hannu a littafina, sannan ya zaro tsohuwar takardata daga cikin aljihun teburin, wadda ya soke wa tayil. Ya ce in daminar bana ta wuce rufin bai yi yoyo ba, in dawo mu yi maganar silin.