Marvin Gaye ko Sly Stone: wane faifai za ka fara ji?

Ɗan'uwa, ka tambaya a zaure cewa tsakanin What's Going On na Marvin Gaye da There's a Riot Goin' On na Sly and the Family Stone, ƙungiyar Sly Stone, wanne ya fi, kuma da wanne za ka fara. Duka biyun a 1971 suka fito a Amurka, na Marvin a watan Mayu, na Sly a Nuwamba. Masu sharhi da yawa ma suna ɗaukar sunan na biyun a matsayin amsa ga na farkon: wancan ya tambayi abin da ke faruwa, wannan ya ce tarzoma ake yi.

Na Marvin a Detroit aka naɗe shi, a kamfanin Motown. Berry Gordy, mai kamfanin, da farko ƙin sakin waƙar da ta buɗe faifan ya yi, sai da ta fita ta karɓu sannan ya sauko. Ƙarfin faifan yana wurin murya da jitar bes. Marvin yana rera waƙa da murya biyu a lokaci guda, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kamar mutum yana yi wa kansa amshi. A ƙarƙashinsu kuma, a yawancin waƙoƙin, James Jamerson yana yawo da bes ɗinsa, bai cika maimaita abin da ya kaɗa ba. Waƙoƙi tara ne cikin kusan minti 35, yawancinsu suna zubewa cikin juna ba tsayawa. Maganar yaƙin Biyetnam da ke cikin faifan kuwa daga gida ta taso, don ƙaninsa Frankie ya je ya dawo.

Rauninsa? Kama da juna. Waƙa ta biyu kusan kiɗan ta farko ne aka sake wa baiti, kuma kafin ka kai waƙar Mercy Mercy Me gogen Turawan nan ya yi yawa, kamar shayin da aka cika wa sukari. Akwai wurin da waƙa ta koma wa'azi zalla. Funk na gaske, wato salon kiɗan rawa da ke tafiya a kan bes da ganga, sai a ƙarshe, a Inner City Blues.

Na Sly wata duniya ce. Galibi shi kaɗai ya yi aikin a gidansa na Bel Air, lokacin ƙwaya ta fara cin ƙarfinsa kuma ƙungiyar tana wargajewa. Maimakon mai ganga, a wurare da dama ɗan injin kiɗa ya kunna, Maestro Rhythm King. Ya yi ta naɗa yana gogewa a kan tef ɗaya har sautin ya dusashe. Ranar da na fara ji, wallahi na ɗauka lasifikata ce ta lalace. Amma wannan hazon shi ne jikin faifan. Saurari Family Affair, wadda ta kai ta ɗaya a jadawalin Billboard na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka: injin yana bugawa a sanyaye, Billy Preston yana kan piyano mai lantarki, Rose 'yar'uwar Sly tana amshi, shi kuma Sly yana rerawa kamar wanda aka tasa daga barci. A ƙarshen faifan ya ɗauko waƙarsa Thank You ta 1969, ya rage mata gudu har ta zama tafiyar mai ɗauke da kaya. Nan funk yake, a giɓin da ke tsakanin bugu da bugu.

Aibunsa ba ya ɓuya. Sau da yawa ba ka jin abin da yake faɗa. Africa Talks to You ta kusa minti tara tana zagaye wuri ɗaya, Spaced Cowboy kuma da wannan guɗar makiyayan Turawa har yau tsallake ta nake yi. Waƙar da ta ɗauki sunan faifan ma babu ita, tsawonta sifili aka rubuta.

Tunda ka ce kai sabon shiga ne, fara da Marvin, daga farko har ƙarshe ba tare da tsallake ba. Na Sly ka bar shi sai dare ya raba, ka sa abin kunne, kuma kada ka yanke masa hukunci kafin ji na uku. Ni dai na Sly na fi komawa gare shi.