Haruffan roba masu mayen ƙarfe: suna da amfani, amma sai an yi musu gyara

A shagunan littattafai da na kayan wasan yara na Zariya, daga kasuwar Sabon Gari zuwa Tudun Wada da Samaru, akwai kayan da iyaye da masu makarantun nazare ke yawan ɗauka: haruffan roba kala-kala, kowanne da ɗan mayen ƙarfe a bayansa, a cikin leda ko ƙaramin bokiti. Yawanci manyan haruffa 26 ne, ƙanana 26, sai lambobi daga 0 zuwa 9. Sunan da ke jikin ledar yana canzawa, kayan kuwa kusan iri ɗaya ne. Ga yaro ɗan shekara huɗu zuwa shida sun cancanci a saya, matuƙar mai saye ya san cewa don Turanci aka yi su, kuma akwai aikin da ke jiransa kafin su yi wa Hausa amfani.

Alherinsu shi ne yaro yana riƙe harafi a hannu tun kafin yatsunsa su iya sarrafa fensir. Yana ɗauka, yana juyawa, yana cire wasali ya sa wani, kuma idan ya yi kuskure babu gogewa, babu tsawa, sai dai ya ture ya sake. Suna manne wa ƙofar ƙarfe, jikin firji, da farantin tasa irin na jere. Ba sa kama farantin alminiyum, wasu farantan silba ma ba sa kamawa, don haka a gwada tukuna.

Babbar matsalar ita ce lissafin haruffan. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu 'y, sannan ga p da q da v da x waɗanda kalmomin Hausa na asali ba sa buƙata. Abin da ɗan ciwo a garin da aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, inda maɗaba'a ta daɗe tana fitar da baƙaƙe masu lanƙwasa. Kuma ba ƙaramin giɓi ba ne. Yaron da aka bari ya haɗa "baki" yana nufin "baƙi", ko "kafa" yana nufin "ƙafa", ko "fada" a madadin "faɗa", an koya masa tun ranar farko cewa abin da kunnensa ya bambanta, rubutu bai damu da shi ba. Alhali dukan karatun farko a kan wannan daidaituwar ya tsaya: sauti ɗaya, alama ɗaya.

Na biyu, kowane harafi guda ɗaya ne tak. Da leda ɗaya ba a iya rubuta "mama", ba a iya rubuta "kaka". "Zariya" na son a biyu, "makaranta" na son huɗu. Hausa kuma tana yawan ninka baƙi, kamar a "hannu" da "babba". Saboda haka leda ɗaya ado ce kawai. Ga yaro ɗaya a gida a sayi uku, a fi mai da hankali ga ƙananan haruffa, domin su ne suka cika shafin littafi. Manyan a ajiye su, a fito da guda ɗaya kawai, na farkon sunan yaron.

Gyaran ba shi da wuya. Ƙaramin q idan aka juya shi sama ta koma ƙasa, b yake zama. Ƙaramin p kuma ya zama d, mayen ƙarfen yana nan a baya bai motsa ba. To waɗannan da ba su da aiki su za a mayar ɓ da ɗ: a yanko 'yar lanƙwasa daga tsohon silifa da reza, a manna ta da gam a saman sandar, bakinta yana kallon dama. Ƙ kuma daga k na leda ta biyu za a yi shi. Sh da ts a manne su biyu-biyu a kan guntun kwali su zama abu ɗaya, don kada yaro ya ce tsintsiya da t ta fara kamar tukunya. Daga nan a ɗiga jan farce a gindin kowane harafi. Ba don kyau ba ne: b da d da n da u na roba suna rikiɗa da zarar an juya su, ɗigon shi ke nuna inda ƙasa take. Launukan ma an zuba su ne barkatai, don haka idan akwai zaɓi a tsinto wasulan nan biyar, a e i o u, masu launi ɗaya.

Wasu ledojin suna zuwa da katunan hoto, A da tuffa, C da kyanwa. A ajiye su sai an zo darasin Turanci. Sunan e a Turanci shi ne sautin i a Hausa, c ɗinsu kuma yawanci k yake bayarwa, namu kuwa na cokali ne da cinya. Haɗa tsarin biyu a zama ɗaya shi ke sa yaro ya rera haruffa 26 tiryan-tiryan amma ya kasa karanta "nono".

Yadda ake wasan ya fi kayan kansu muhimmanci. A fara da kunne, babu harafi ko ɗaya a gaba. A tafa sunayen mutanen gida gaɓa-gaɓa: A-mi-na tafi uku, Mu-sa biyu. A yi gasar kawo abin da ya fara da sautin da aka faɗa, m ya kawo muciya ko madubi ko mayafi. Karangiyar nan ta ƙato da kwaɗo da ƙoto tana koyar da bambancin k da ƙ fiye da kowane bayani, ga dariya kyauta. Ɗan shekara uku nan ya kamata ya tsaya, da tatsuniya da kacici-kacici da hira.

Idan kunne ya faɗa, sai a fito da haruffa huɗu kacal: a, m, k, n. Da su ana samun mama, kaka, nama, kama, mana. A zuba su a jakar yadi, yaro ya sa hannu ya laluba, ya faɗi sautin kafin ya fito da shi. Sautin ake faɗa, "mmm" baki a rufe, ba "em" ba, ba kuma "ma" ba, domin wanda ya san m da sunan "ma" idan ya ga m da a sai ya karanta "ma-a". Bayan haka a kafe baƙi ɗaya a faranti, a riƙa sauya masa wasali: ka, ki, ku, ko, ke. Hausa ta yi sa'a a nan, yawancin gaɓoɓinta baƙi ne da wasali, yaron da ya kama wannan ya kusa karanta kalma. Sabon harafi ɗaya ko biyu a mako ya isa, zama kuma minti goma zuwa sha biyar, a tashi tun bai gaji ba. Kafin a kwashe, ya bi siffar harafin da yatsa a cikin yashi.

Yaran da ke zuwa makarantar allo sukan jera daga dama, "nama" ta fito "aman". Ba daƙiƙanci ba ne, hannu ne ya saba. A sa alama a gefen hagu na farantin a ce daga nan boko ke tashi, shi ke nan.

Sai ingancin ƙira, kuma a nan ne ake neman tsanani. Robar wasu siririya ce, sanyin hunturun Zariya na sa ta tsage, zafin bazara kuma ya saki gam ɗin da ke riƙe da mayen ƙarfe. Ƙwaya ɗaya da ta faɗo yaro na iya haɗiyewa. Biyu sun fi haɗari nesa ba kusa ba, domin suna jan juna ta cikin hanji har su huda shi. Idan ana zargin haka ta faru, asibiti kai tsaye, ba a ba shi manja, ba a sa shi amai, ba a jira a ga ko zai fita. Alamar da'ira mai 0-3 da aka soke a jikin leda tana nufin ba na 'yan ƙasa da shekara uku ba ne. Ma'aunin da ake gwada ƙananan kayan wasa da shi a Turai da Amurka bututu ne mai faɗin milimita 31.7; a gida kwalin tsakiyar tishu ya wadatar, duk abin da ya shige ta cikinsa a nisanta shi da mai rarrafe. Lanƙwasar silifa da aka manna ma tana cikin wannan hukunci, a riƙa jan ta ana dubawa.

A shago a nemi a buɗe ledar. A ƙirga, don akan samu harafi ya ɓace wani ya zo biyu. A sa farce a ƙwaƙuli mayen ƙarfen. Wanda aka rufe da roba gaba ɗaya ya fi wanda aka liƙa a fili, ko da ya fi tsada. A duba a da g ko irin na rubutun hannu ne, a tabbata tsayin harafi ya kai kamar santimita 4 zuwa 5. Mai aji na yara ashirin ko talatin kuwa ledoji ba za su ishe shi ba. Ya yanka kwalin taliya murabba'i santimita 6, ya rubuta baƙaƙe da baƙar maka, wasula da ja, ya bar na robar a farantin malama don nuni.