Takalmin tseren tsaunukan Ingila a bakin Gulbin Maraɗi

Wata biyar ke nan ina gudu da wani takalmi da na saya a hannun masu gwanjo a babbar kasuwar Maraɗi, kuma tunda abokaina na ƙungiyar 'yan gudu suna yawan tambayata ko ya ci kuɗinsa, na ga ya dace in rubuta abin da na gani. Sunan kamfanin ya goge tun kafin takalmin ya zo hannuna. Mai kayan ya ɗauka na ƙwallo ne saboda haƙoran da ke ƙarƙashinsa, ya ce mini, "Ƙanena, kawo jika takwas ka tafi da abinka," muka daidaita a kan bakwai. Sai da mai horar da mu ya juya shi ya shafa tafinsa da babban yatsa, sannan ya shaida mini cewa na masu tseren tsauni ne na arewacin Ingila.

Wanda bai san wannan wasa ba ba zai gane dalilin ƙirar takalmin ba. A yankin Lake District na arewacin Ingila ana tsere ne a hau tsauni a sauko, sau da yawa ba tare da shatacciyar hanya ba, cikin ruwan sama da hazo da taɓo, har mai gudu kan nemi hanyarsa da taswira da kamfas. Ƙungiyar da ke kula da wasan, Fell Runners Association, an kafa ta a 1970, kuma tana da gasar yara da matasa inda ake ƙayyade nisan tsere gwargwadon shekarun mai gudu. A can ne Bob Graham ya zagaye ƙololuwa 42 cikin ƙasa da awa 24 a shekarar 1932, Joss Naylor kuwa, wanda makiyayin tumaki ne, ya kai 72 a 1975. Domin irin wannan ƙasa ne kamfanoni kamar Walsh na garin Bolton da Inov-8, wanda aka kafa a 2003, suke ƙera takalma masu dogayen haƙoran roba.

Mu a Maraɗi ba mu da tsauni, amma muna da gangaren gulbi, kuma a can na fara gwada shi a watan Agusta, washegarin wani ruwa mai ƙarfi. Akwai wata gangara ta laka da muke saukowa a hankali, muna dafa ƙasa da hannu saboda santsi. Ran nan na sauko ta a guje. Haƙoran suna nutsewa cikin laka su riƙe, kuma da yake an bar tazara a tsakaninsu, lakar ba ta taruwa a tafin. Taku biyu ko uku a kan ciyawa ya isa ta zube. Tafin siriri ne, ƙafa tana kusa da ƙasa, saboda haka idon sawu ba ya saurin gurɗewa idan an taka kunyar gona a karkace. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ruwa ke shiga ya fita nan da nan: na ratsa fadama ruwa har ƙwauri, amma kafin in yi nisa takalmin ya koma mara nauyi. A wannan fanni ban taɓa sa irinsa ba, kuma da zuciya ɗaya nake yaba masa.

Da damina ta wuce sai na ga iyakarsa. A kan kwalta kowane haƙori yana bugun tafin ƙafa, robar kuma mai laushi ce, don haka mako uku na gudu a kan titi ya cinye haƙoran dunduniya fiye da yadda laka ta ci su a wata biyu. A cikin rairayi mai zafi ba shi da wani fifiko a kan takalmin gudu na yau da kullum. Saƙar samansa ba ta tare ƙaya, ƙarangiya kuma tana manne mata, sai na zauna na tsince ta ɗaya bayan ɗaya. Gabansa matsattse ne ƙwarai, wanda duk yake da faɗin ƙafa ya ƙara lamba ɗaya.

Matashin da kuɗinsa na takalmi ɗaya ne kada ya fara da wannan, domin yawancin atisayenmu a kan titi da fili muke yinsa. Wanda kuwa yake da na kullum, kuma yana son koyon saukowa gangara ba tare da fargaba ba, ya saya idan ya samu, amma ya fara lanƙwasa tafin a gaban mai kayan ya duba ko gam ya saki, ya kuma tabbata haƙoran dunduniya ba su shafe ba. Nawa na wanke shi na ajiye a inuwa, ba zan sake fito da shi ba sai gulbi ya kawo ruwa.