Wasiƙa daga Nima: abin da na gani a sashen yara na Korle Bu

Yaya, assalamu alaikum. Ya gida, ya ƙafar Umma?

Kin tambaye ni ko Ankara ta fi Kano sauƙin zama (haka tsofaffin Zango a nan unguwarmu Nima ke kiran Accra, babban birnin Ghana, har gobe). Wuta dai ta fi zama, sai kuɗin haya ne ba ya tausayi, mai gida ya ce sai na shekara biyu a dunƙule. Goro arha, tsirensu kuma bai kama ƙafar namu ba. Hausarsu ma na saba, mace a ce mata "ya zo", ba na ko juyowa yanzu.

Ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Maƙwabciyata ce ɗanta mai shekara shida haɓarsa ta kumbura, sati uku kamar an hura balan-balan. Da na gani gabana ya faɗi, don kin san abin da na tuna. Tsofaffin gidan suka fara irin zancen da aka yi mana a kan ƙaninmu, Allah ya jiƙansa, wai daji ba ya son allura, a nemo mai sassaƙe. Na tsaya mata a kai har muka hau trotro, ƙaramar bas ɗin haya ta nan, zuwa babban asibitin Korle Bu.

Likitoci sun ce kansar Burkitt ce, mai kama haɓa ko ciki, kuma tana yawa inda zazzaɓin sauro ya yi katutu. Gudu gare ta, amma tana jin magani in an zo da wuri. Abin da ya ba ni mamaki katin inshora ne. Nan tun 2003 suke da NHIS, inshorar lafiya ta gwamnati, da waya ake sabunta katin, a danna *929# a biya ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya. Daga 2022 kuma aka saka kansar yara iri huɗu a ciki: wannan ta Burkitt, da wata ta jini, da ta ƙoda mai kumbura ciki, da ta ido. Kada ki ɗauka komai kyauta ne. Wanda tasa ba ta cikin huɗun nan aljihunsa zai ji, kuma kati ba ya biyan kuɗin mota ko tuwo.

To a nan ƙungiyoyi suka shigo. Yaya, tuna abin da ya sa Baba ya ɗauko ƙaninmu daga asibiti bayan ruwan kemo, maganin kansa, na biyu. Likita ba ta sallame mu ba. Kuɗin zuwa da dawowa ne suka ƙare, Umma kuma ta yi wata guda tana kwana a baranda kan kwali. Mun kai kuka gidan rediyo, bayin Allah suka turo abin da ya sawwaƙa, sati biyu ya ƙare, shiru. Nan akwai ƙungiyar iyayen yara masu kansa, GHAPACC, wadda tare da gidauniyar Rebecca Akufo-Addo, matar tsohon shugaban ƙasa, suka gina masauki mai gado 54 don yaran da iyayensu. Na zauna da wata 'yar Bawku a wurin, tafiyar dare guda cur a mota, ta ce da babu ɗakin nan da tuni ta naɗe tabarmarta. Akwai kuma World Child Cancer ta Ingila, tana taimakawa da kuɗin mota da horar da nas-nas, nan da asibitin Komfo Anokye na Kumasi. Mu ba mu gaza su kyauta ba, wallahi mun fi su buɗe hannu. Su dai nasu yana da littafi da mai riƙe shi, yana kai yaro har allurar ƙarshe, wadda kan ɗauki watanni, ta jini ma fiye da shekara biyu.

Wadda ta riƙe mana takardu duk zirga-zirgar nan yayar yaron ce, 'yar shekara goma sha biyar. Ita ke fassara wa uwar Turancin likita, ita ke rubuta ranakun komawa, har ta tambayi nas dalilin zubewar gashi ba tare da ta sunkuyar da kai ba. Tana zuwa Achievers Ghana, wata ƙungiya a nan Nima da ta faro da taron karatun littattafai na 'yan mata, yanzu har kwamfuta suke koyo. Da hijabinta, da haddarta ta makaranta. Na kalle ta na tuna mu a shekarunta, likita na magana muna kallon ƙasa, mu fito ba mu san me ya ce ba. Sakandare kuma kyauta ce a nan tun 2017, don haka uban bai da hujjar cire ta.

Yaron kumburin ya saɓe, har ya fara rigimar koko da ƙosai. Sauran zagaye biyu.

Sai maganar jikar Inna ta bayan layi, da kika ce idonta ɗaya yana haske kamar na kyanwa a hoto. Kada a tsaya ɗiga mata nono ko tozali, irin alamar ta idon nan ce da na ji ana faɗa a Korle Bu. A kai ta likitan ido cikin satin nan, zan turo kuɗin mota. In direban nan zai taso, ki haɗo ni da kuka da daddawa, ta nan ba ta da ƙamshi.

Ƙanwarki, daga Nima.