Buɗe tashar 3306 ko bi ta SSH?

Hanya biyu ce ta shiga MySQL, manhajar rumbun bayanai, daga wata kwamfuta. Ta farko, a canza bind-address, saitin adireshin da MySQL ke karɓar haɗi ta kansa, daga 127.0.0.1 (na cikin sabar kaɗai) zuwa adireshin sabar, a buɗe 3306, tashar da MySQL ke amfani da ita, a katangar tsaro, sannan a ƙirƙiri asusun da aka ɗaure da adireshin kwamfutar mai shigowa. In aka manta asusun, sabar za ta kore ka ko kalmar sirrinka daidai ce. Kada a kuskura a buɗe tashar ga intanet, masu laluben kalmar sirri ba sa barci.

Ta SSH kuwa, wato hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa a ɓoye, ba a taɓa bind-address. A rubuta ssh -L 3307:127.0.0.1:3306 suna@saba, a haɗa da tashar 3307 a kwamfutarka, bayanai su tafi a ɓoye. Amma da zarar SSH ya yanke, haɗin ya mutu. Ga mai aiki shi kaɗai ita ta fi, manhajojin ofis kuwa ta farko.