Legon ko Tek? Amsa ga ƙanwarmu ta Aboabo mai neman digiri na biyu

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanwarmu ta kawo tambaya jiya: ta yi digirin farko a kimiyyar halittu, ta gama hidimar ƙasa, tana koyarwa a wata makaranta, kuma tana zaune gidan iyayenta a unguwar Aboabo, nan Kumasi. Burinta ta yi bincike kan cututtuka, wata rana ta koyar a jami'a. To, Jami'ar Ghana da ke Legon, a Akra, za ta nema, ko KNUST ta nan Kumasi, wadda muke kira Tek? Na ga masu cewa Legon ce uwa, na ga masu cewa harkar kimiyya sai Tek. Kowa na yabon makarantarsa, kuma ba laifi ba ne, amma hakan ba zai biya miki buƙata ba.

Ƙanwata, kafin mu zo kan gari, ki fara tsayar da irin digirin. MSc da MA yawanci shekara ɗaya ne ko da 'yan watanni, mafi yawansa zaman aji, sai ɗan rubutu a ƙarshe. MPhil shekara 2 ne: ta farko darussa, ta biyu bincike da rubuta kundi, wanda sai an aika wa wani malami na wata jami'a ya duba kafin a ce kin ci. Tunda koyarwa a jami'a kike so, MPhil ce taki, domin ita ake nema kafin a ɗauki mutum aikin koyarwa, ita kuma ke sauƙaƙa shiga digirin dakta, wanda manyan jami'o'in gwamnati suka fi nema yanzu. Wannan haka yake a Legon, haka yake a Tek. Kada saurin shekara ɗaya ya ruɗe ki.

Ta fuskar shekaru ba wata tazara. An kafa Legon a 1948, Tek ta buɗe a 1952, dukkansu suka zama cikakkun jami'o'i a 1961. Takardar kowacce tana da daraja a gida da waje, don haka mu wuce wannan.

Inda suka bambanta a fanninki shi ne ɗakunan bincike. Legon na da cibiyar Noguchi, wadda Japan ta gina a 1979 don tunawa da likitan nan Hideyo Noguchi da cutar shawara ta kashe a Akra a 1928. Legon kuma na da cibiyar bincike ta WACCBIP, wadda ta soma a 2014 ƙarƙashin shirin Bankin Duniya, Farfesa Gordon Awandare ya jagoranci kafa ta, kuma aikinta kacokan nazarin ƙwayoyin cuta ne tun daga matakin ƙwayar halitta. In abin da ke ranki shi ne ki zauna da na'ura kina bin diddigin yadda ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ke kutsawa cikin jini, gaskiya Legon ta fi yawan ƙofofi. Tek kuma na da cibiyar bincike ta KCCR, da aka kafa a 1997 tare da cibiyar Bernhard Nocht ta Hambug a Jamus, ga asibitin koyarwa na Komfo Anokye kusa. Sun yi suna kan gyambon Buruli da ciwon tundurmi da zazzaɓin cizon sauro, kuma aikinsu na kai su ƙauyukan Asante sosai. Lokacin korona a 2020, Noguchi da KCCR ne suka fara ɗaukar nauyin gwajin ƙasar nan. Saboda haka wanda ya ce miki bincike na gaske sai Akra, bai leƙa bayan Tek ba.

Amma fa gini ba ya duba kundi, malami ne ke dubawa. Nan nake so ki tsaya ki natsu. Shekararki ta biyu gaba ɗaya tana hannun mutum guda. Ki shiga shafin sashen da kike so a jami'o'in biyu, ki fitar da sunayen malamai uku-uku, ki nemi abin da kowannensu ya wallafa a shekarun nan, ki karanta ko da taƙaitawar ce. Sannan ki rubuta musu gajeriyar wasiƙa: ga ni, ga abin da na karanta, na ga aikinku kan kaza, shin kuna ɗaukar ɗalibi bana? Wanda ya amsa, ki yi masa tambayar da ɗalibai ke jin nauyin yi: wa zai biya kuɗin sinadarai da kayan gwaji? Kuɗin makaranta daban, kuɗin bincike daban, kuma a fanninki na biyun kan iya zarce na farko. Malamin da ke da aikin da aka riga aka ba kuɗi, zai sa ki cikin aikin, ki samu kaya da samfur. Wanda ba shi da shi, ko da ya fi kowa kirki, daga aljihunki za a sayi komai. Bayan haka ki nemi ɗalibansa ki tambaye su a keɓe: in an kai masa babi, sati nawa yake yi kafin ya dawo da shi? Waɗanda suka shiga gabanku sun fita? A nan Tek ta ba Legon rata babba, don za ki iya hawa mota ki je ki ga mutum ido da ido kafin azahar. Na Legon sai ta waya, ko ki shiga motar kamfanin VIP a tashar Asafo ki yi tafiyar kusan kilomita 250.

Sai batun zama, wanda shi ke kayar da 'ya'yan zango fiye da jarrabawa. A Legon akwai masaukin Valco na ɗaliban babban digiri, amma ɗakunan ba sa isar masu nema. In ba ki samu ba, sai haya a unguwar Madina da ke kusa da Legon, ko kewayenta. Doka ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da kuɗin wata 6 a gaba, amma kowa ya san shekara ɗaya ko biyu ake nema, kuma hayar Akra ta fi ta Kumasi zafi. In kina da 'yan uwa a Nima ko Mamobi, za ki huta da haya, sai dai ki shirya wa cunkoson hanyar zuwa Legon ta 37 da Tetteh Quarshie safe da yamma. A Kumasi kuwa, daga Aboabo ki bi ta Anloga ki sauka bakin ƙofar Tek, ba haya, ba sayen tukunya, ga kokon safe da ƙosai a gida.

Sai dai zaman gida ma da nasa kuɗin, lokaci ake biya da shi. Yau suna, gobe biki, jibi a ce ki raka Hajiya asibiti tunda ai kina nan. Ita kuwa ƙwayar zazzaɓin da ake kiwo a ɗakin gwaji, zagayenta awa 48 ne, kullum sai an canja mata ruwan da take rayuwa a ciki, ba ruwanta da Asabar ko ranar Sallah. Kwana biyu kika yi sake, aikin wata guda ya mutu. Don haka in kin zaɓi Tek, ki zauna da Baba da Hajiya tun kafin ki sayi fom, ki faɗa musu akwai ranakun da sai bayan isha za ki shigo. In hali ya yi, a shekara ta biyu ki kama ɗan ɗaki da wata 'yar uwa a Ayigya ko Ayeduase. Zangon Ayigya na tsallaken titi ne kawai, ba za ki ji baƙunta ba. Batun sallah kada ya dame ki, duk jami'o'in biyu na da masallaci da ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta GMSA.

Aikin koyarwarki fa? In a ƙarƙashin hukumar ilimi ta gwamnati kike, hutun karatu mai albashi na da sharaɗin shekarun aiki, ki bincika ko kin cika. A Kumasi za ki iya riƙe 'yan darussan yamma ko na ƙarshen mako a shekarar farko. Tafiya Akra kuwa ajiye aiki ne ɗungurungum.

Ga ra'ayina, tunda kin nema. Ki cika fom na duka biyun in kuɗin fom bai gagare ki ba. In Legon ta ba ki gurbi tare da tallafin da ya ɗauki kuɗin makaranta da na bincike, ki tafi, kada ki yi waiwaye, kuma mu za mu taya ki lallashin su Baba. In kuwa da kuɗinki za ki yi, ki zauna Tek, ki zuba abin da za ki ba mai gidan haya a Madina cikin bincikenki. Tallafin asusun ilimi na GETFund da na gwamnati ki nema, amma kada ki gina lissafinki a kansu.

Abin da za ki fara tun wannan makon: ki nemi cikakkiyar takardar sakamakonki daga jami'ar da kika gama, don fitowarta kan ɗauki lokaci. Ki ajiye takardar shaidar hidimar ƙasa kusa. Ki je da ƙafarki wurin malaman da za su rubuta miki shaida, musamman wanda ya duba aikinki na shekarar ƙarshe, ki tuna musu ko ke wace ce kafin ki sa sunansu a fom. Ki rubuta shafi biyu kan abin da kike son bincika. Kuma tunda aikinki zai taɓa jinin mutane, ki sani ba za ki ɗibi ko ɗigo ba sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince, CHRPE a Tek, kwamitin Noguchi a Legon, kuma lokaci-lokaci suke zama, don haka ki miƙa takardunsu tun kafin shekarar farko ta ƙare. Shafi biyun nan in kin rubuta, ki turo mini in duba miki kafin ki aika wa kowa.