Shagon wili da ke auna ƙarfe kafin ya faɗi farashi

A cikin masu sayar da wili na hannu a Katsina, akwai wani shago a gefen hanyar Jibiya da masu tsofaffin a-kori-kura masu ɗaukar kaya masu nauyi ya kamata su sani, saboda mai shagon ba ya amincewa da ƙirga ramuka kaɗai. Galibin masu wannan sana'a da zarar sun ga ramuka takwas a wili, sun ga kusoshi takwas a mota, sai su ce ciniki ya faɗa. Shi kuwa sai ya sa yaronsa ya ɗaga motar da jak, ya kwance wilin, sannan ya ɗora ma'auni daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar wanda ke fuskantarsa.

Dalilinsa mai ƙarfi ne. Ford F-250 da F-350 na da, har zuwa ƙirar 1997, ramukansu takwas suna kan da'irar milimita 165.1, wato inci shida da rabi, amma daga 1999 kamfanin ya koma milimita 170. Tazarar ba ta cika milimita 5 ba, ido ba ya kama ta, kuma wanda ya matsa wilin da ƙarfin tsiya zai lanƙwasa kusoshin, su riƙa karyewa ɗaya bayan ɗaya idan motar ta sha buhunan gero. Chevrolet da GMC sun ci gaba da 165.1 har 2010, kafin su koma 180 a 2011. Ko inda da'irar ta zo ɗaya, ramin tsakiya kan hana, domin na Chevrolet milimita 116.7 ne, na Dodge kuma 121.3, don haka wilin Chevrolet ba ya zama a kan Dodge. Na ji shi yana ce wa wani direba, “Malam, ka yi haƙuri, wannan zai shiga amma ba zai zauna ba, kuma ni ba zan sayar maka da abin da zai kayar da kai a hanya ba.”

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya ware wili masu inci 16.5 a lungu guda, ya yi masu alama da jan fenti. Tayar inci 16 tana iya hawa irin wannan wili, amma bakinta ba ya kamawa daidai, kuma idan mai faci ya ci gaba da ɗura iska tana iya fashewa ta raunata shi. Masu Land Cruiser ma suna samun biyan buƙata, domin yana ajiye na kusoshi shida na tsohuwar ƙira da na kusoshi biyar da suka fara zuwa a 1998.

Sai dai shagon yana da nasa aibi. Farashinsa ya ɗara na maƙwabtansa, kuma Alhajin ba mai son doguwar tayawa ba ne. Ɗaure noti kuwa har yanzu da sifana da dogon bututu ake yi, yaro ya hau da ƙafa, wanda abin mamaki ne ga mutumin da ke kula da milimita. Wanda ya saya a can ya kamata ya biya wurin bakaniken da ke da sifana mai awo a sake duba ɗaurin kafin ya yi lodi.